Daga Aljihu Zuwa Lasifikar Mota

A wannan wata ina so mu taɓa wata magana wadda da ganin farko mutum zai ce ba ta kai a ɓata mata tawada ba, wato yadda ake haɗa 'yar na'urar sauraren waƙoƙi ta hannu, ko kuma wayar salula, da rediyon mota, domin abin da ke cikin aljihu ya fito ta lasifika kowa ya ji. Tambayar ta yawaita a zangunanmu, daga Nima da Mamobi har Aboabo da Asawase, kuma dalilinta a fili yake. Galibin motocin da ƙarfinmu ke iya saye tsofaffi ne, sun gama yi wa masu su aiki a Turai ko Amurka ko Koriya kafin a sauke su a tashar jiragen ruwa ta Tema. Na'urorin da ke aljihunmu kuwa 'yan yau ne. Motar shekarar 2002 da wayar bana kamar kaka ce da jikarta wadda aka haifa a wata ƙasa, ga su a ɗaki ɗaya amma ba sa jin juna sai an sami tafinta. Waɗannan tafintoci su ne zan yi bayaninsu, tare da dalilin da ya sa nake ganin ya kamata duk magidanci mai mota ya kula da al'amarin.

Bari mu ɗan koma baya. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da kaset a shekarar 1963, a ƙarƙashin jagorancin wani injiniya mai suna Lou Ottens, wanda ya rasu a 2021. Kaset bai daɗe ba ya shigo gidajenmu ya zauna daram. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980 za su tuna yadda ake yi. Bayan sallar isha'i sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a fito da rikoda mai cin manyan batura, a sa Alhaji Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo ko tafsirin wani malami, maƙwabta su leƙo su sami wuri su zauna. Haka nan ake taruwa a kan Sashen Hausa na BBC, wanda ya soma watsa shirye-shirye a 1957, shekarar da ƙasar nan ta sami mulkin kai. Har wasiƙa da kaset ake yi. Mutum ya danna maɓalli biyu, ya gai da dangi ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya faɗi wadda ta haihu da wanda ya rasu, a ba direban motar goro ya kai Kano ko Sakkwato, bayan wata biyu ko uku amsa ta dawo, a sake taruwa a ji.

A shekarar 1979 kamfanin Sony na Japan ya fito da Walkman, 'yar rikodar da ake ratayawa a ƙugu a sa abin sauraro a kunne. Ni dai ban riƙe ta a hannuna ba sai da na shiga sakandare a shekarun 1990. Daga nan sai faifan CD ya zo, sai waƙoƙin MP3 da ake zubawa a ɗan kati, sai iPod na kamfanin Apple a 2001, wanda aka daina ƙerawa a 2022 bayan wayar salula ta haɗiye aikinsa. A dunƙule, abin sauraro ya yi ta ƙanƙancewa, yana kuma ƙara ɗaukar kaya. Sai dai a cikin wannan tafiya sauraro ya tashi daga kan tabarma ya koma cikin kunne. Yau ka shiga gida da dare, za ka tarar da mutum biyar a falo, kowa da iyafis a kunnensa, kowa yana murmushi shi kaɗai, uba bai san abin da ɗansa ke ji ba, ɗa kuma bai taɓa jin abin da ubansa ya tashi a kansa ba.

Wannan hali ya fi yi mana illa mu mazauna Gana fiye da 'yan'uwanmu na Kano ko Damagaram. Su can yaro ya fita ƙofar gida Hausa zai ji, a kasuwa Hausa, a tasha Hausa. Mu kuwa yaranmu da Turanci suke wuni a aji, da harshen Tiwi ko na Ga suke wasa a waje, kuma Hausa ba ta cikin harsunan gida da ake koyarwa a makarantun gwamnati. A matsayina na malamin makaranta ina ganin haka da idona kullum. Yaro ɗan Zango yana jin Hausar aike da ta ciniki, amma ka yi masa karin magana ɗaya sai ya tsaya yana kallonka. Ba ina raina Hausarmu ta Zango ba ne, tana da nata zaƙin, kuma ita ce ta haɗa Bahaushe da Bamoshe da Bazabarme da Bakotokoli suka zama 'yan unguwa ɗaya. Amma rijiyar da ba a yi mata yasa, ruwanta raguwa yake yi.

Da mahaifina, wanda ya yi rayuwarsa yana fataucin goro, Allah ya yi masa rasuwa, cikin abin da ya bari akwai kwali guda cike da kasa-kasai. Akwai na waƙa, akwai na wa'azi, akwai wasiƙun ƙanensa daga Kano, akwai kuma guda biyu da shi da kansa ya zauna ya ɗauki muryarsa yana ba da labarin yadda kakanninmu suka zo ƙasar nan. Zaren kaset ba ya dawwama, zafi da danshi suna cin sa, don haka na kai su aka kwafe mini su a kwamfuta, aka zuba a 'yar na'urar MP3 da kuma wayata. To, sai tambaya ta taso, a ina yara za su zauna su ji? A gida talabijin da wayoyi sun riga sun cinye fili. Da na duba sai na ga wuri ɗaya ne ya rage inda nake tare da su babu mai iya tashi ya fita, kuma duk kunnuwanmu abu ɗaya suke ji, wato cikin mota, da safe in za mu makaranta da yamma in za mu dawo. Mota ita ce tabarmar da ta rage mana. Abin da ya saura shi ne a san yadda muryar za ta fito daga aljihu ta shiga lasifika.

Hanyoyin da aka fi sani guda huɗu ne. Zan riƙa cewa kebur a inda nake nufin igiyar lantarki, don kada a rikita ta da wayar salula.

Hanya ta farko ita ce kebur kai tsaye. Duba fuskar rediyon motarka, ko cikin akwatin da ke tsakanin kujerun gaba, ko za ka ga wata 'yar huda da aka rubuta AUX a gefenta. In akwai, to ka huta. Kebur mai kai biyu iri ɗaya za ka saya, mai kaurin milimita 3.5, irin kan iyafis, ka soka ɗaya a na'urarka ɗaya a mota, ka danna maɓallin da ke sauya rediyo zuwa AUX. Wannan hanya ta fi sauran tsabtar sauti domin babu mai shiga tsakani. Ka lura da zoben baƙi da ke jikin kan kebur ɗin. Mai zobe biyu shi ne na sauraro zalla, hagu da dama. Mai zobe uku yana ɗauke da layin makirufo, kuma wasu tsofaffin rediyoyi ba sa jituwa da shi, sai ka ji lasifika ɗaya ta yi shiru ko muryar mawaƙi ta yi nisa kamar daga cikin rijiya. Wani abu kuma, tun daga 2016 da Apple ya cire wannan huda daga wayar iPhone 7, kamfanoni da yawa sun bi sahu. In wayarka irin waɗannan ce, sai ka nemi ɗan guntun mahaɗi da ake soka shi a ramin caji. Ba kowane mahaɗi ne ke aiki da kowace waya ba, saboda haka ka gwada shi a gaban mai kanti kafin ka miƙa kuɗi. Wasu motocin kuma hudarsu a bayan rediyo take, a wurin da aka tanada don akwatin sauya faya-fayan CD, kuma mai gyaran lantarkin mota a Suame ko Abossey Okai zai iya jawo maka layin zuwa gaba.

Hanya ta biyu ita ce kaset ɗin ƙarya, kuma ita ce na fi so, domin motata mai cin kaset ce. Wani Ba'amurke mai suna Larry Schotz ne ya ƙirƙiro shi, aka yi masa rajistar mallaka a 1988, asali don mutane su riƙa jin faifan CD a motocinsu. Siffarsa siffar kaset sak, sai dai da wutsiyar kebur a gefe. In ka buɗe cikinsa babu zare ko kaɗan. Abin da ke ciki wani ɗan kan ƙarfe ne irin wanda ke cikin rikoda. Shi kaset na gaskiya, sauti a jikin zarensa yake a matsayin maganaɗisu, zaren yana wucewa ta gaban kan rikoda da gudun santimita 4.76 a daƙiƙa, kan yana karantawa. To shi na ƙarya, sai ya karɓi sauti daga wayarka ta kebur, ya mai da shi maganaɗisu, ya manna kansa da kan rikodar mota, ita kuwa ta ɗauka zare ne ke wucewa. Akwai kuma 'yan ƙafafun roba masu haƙora da ke juyawa a ciki don rikoda ta ga kamar kaset bai ƙare ba. Ba ya cin batir, ba ya neman saiti. Matsalarsa biyu ce. In ƙafafun nan suka cije, rikoda mai juya kaset da kanta za ta riƙa juyawa tana komowa, ƙwas ƙwas, ko ta tofo shi waje. In kuma kan rikodar ya yi datti, sauti zai dushe. Maganin na biyun auduga ce da ɗan sifirit, a goge kan a hankali a bari ya bushe. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa.

Hanya ta uku ita ce 'yar tashar FM ta cikin mota, wadda aka fi gani a tasi da tiro-tiro saboda araha, kuma kowace mota mai rediyo tana karɓarta. Ana soka ta a ramin kunna taba, ta ja wuta bolt 12 daga batir, ta karɓi sauti daga waya ko katin memori, sannan ta watsa shi a iska kamar ƙaramin gidan rediyo wanda zangonsa bai wuce 'yan taku ba. Kai kuma sai ka murɗa rediyon mota zuwa lambar da ka sa mata. Sharaɗin shi ne lambar ta zama babu kowa a kanta, kuma nan ne gizo ke saƙa. Zangon FM daga 87.5 ne zuwa 108. Kafin tsakiyar shekarun 1990 kusan fili ne fetal a ƙasar nan, sai gidan rediyon gwamnati. Tun da aka buɗe ƙofa ga masu zaman kansu, Joy FM ta soma a Ankara a 1995, tashoshi suka yi ta tsirowa, har ta kai a Ankara da Kumasi da wuya ka murɗa kaɗan ba ka faɗa kan wata ba. Lambar da ke shiru a Kumasi kuma ba lalle ta zama shiru a gaba ba. Mun taɓa tafiya Tamale muna jin karatun Alƙur'ani, muna dosar Techiman sai wata tasha ta danno da tallan maganin basir ta rufe mai karatu ruf. Dabarar ita ce ka nemi lambobi biyu ko uku marasa kowa, yawanci can ƙarshen sama ko ƙarshen ƙasa, ka adana su a maɓallan rediyo.

A nan sai a kula da asalin motar. Rediyon motar da aka ƙera don kasuwar Amurka yana tsallake ne da bibbiyu, 88.1, 88.3, 88.5, ba ya tsayawa a kan lamba mai ƙarewa da cika. In ka sa 'yar tasharka a 88.4, har abada ba za su haɗu daidai ba. Tsofaffin rediyoyin motocin da aka yi don cikin gidan Japan kuwa daga 76 suke farawa su tsaya a 90, saboda haka tilas ka nemi wuri tsakanin 87.5 da 90. Sannan a tuna cewa abin da aka watsa a iska ba sirri ba ne. A cunkoson Kejetia motar da ke gefenka tana iya kama abin da kake ji in lambarku ta zo ɗaya. Saboda haka ne ni ban yarda in sa wasiƙun iyali ta wannan hanya ba, domin a cikinsu akwai maganar gado da ta aure da ba ta shafi maƙwabcin hanya ba.

Hanya ta huɗu ita ce Bluetooth, wadda ba ta bukatar kebur tsakanin waya da mota. Kamfanin Ericsson na Suwidin ne ya fara aikinta a shekarun 1990, aka sa mata laƙabin wani sarkin Denmak na ƙarni na 10 mai suna Harald, wanda ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa, don ita ma haɗa na'urori take yi. Zangonta kamar mita 10 ne. Sababbin motoci da ita suke zuwa. Mai tsohuwar mota kuwa yana iya sayen ɗan makarɓi ya soka a hudar AUX, har ma akwai kaset ɗin ƙarya mai Bluetooth, sai dai shi ana yi masa caji. Abin lura a nan shi ne kiran waya ma ta lasifika yake fitowa. Wanda ke ɗauke da surukai a baya, ya yi tunani kafin ya amsa kiran mai bin sa bashi.

Wanda duk waɗannan ba su gamsar da shi ba, sai ya cire tsohon rediyo ya sa sabo mai ramin USB. Gidan rediyo a mota yana da ma'auni sananne, faɗin milimita 180 da tsayin 50, ko 100 ga mai hawa biyu, don haka samun wanda zai shiga ba wuya. Gargaɗina biyu ne. Na farko, rediyoyin motocin Turai da yawa suna da lambar sirri ta maganin ɓarayi, da zarar an cire batir sai su kulle, ba sa buɗewa sai da lambar. In kana so ka ajiye tsohon ko ka sayar, nemi lambar a takardun mota tukuna. Na biyu, kada ka yarda a yayyanka maka keburan mota a ƙulle da salatif alhali akwai soket ɗin da ake haɗawa, kuma kada a maye gurbin fiyus da guntun ƙarfe. Fiyus an yi shi ne ya ƙone domin mota ta tsira. Na taɓa tambayar wani dattijon mai gyara abin da ya fi kawo masa motoci, sai ya ce, "Malam, araha. Mutum ya ƙi sayen fiyus na sidi kaɗan, ya dawo yana sayen kebur ɗin mota gaba ɗaya." Na ce, "Gaskiya ne, Baba, araha ba ta ado."

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ke sa mutane su yi zaton na'urarsu ta lalace alhali lafiyarta lau. Na ɗaya, wani siririn kuka da ke tashi in ka taka totur ya sauka in ka saki. Yakan faru in kana cajin waya daga mota kuma kebur ɗin AUX yana soke a lokaci guda. Hayaniyar injin da ke cajin batir ce ta sami hanya ta shiga layin sauti. Cire cajin ka ji, in kukan ya ɗauke to shi ne, kuma akwai ɗan mataci da ake sawa a tsakiyar kebur ya kashe shi. Na biyu, ƙarar sauti. Kada ka ƙure ta waya, sauti zai fashe, kada kuma ka yi ƙasa da ita ƙwarai ka ƙure ta mota, za ka ji shuuu. Ka sa ta waya kamar kashi uku cikin huɗu, ka riƙa ƙarawa da ragewa a rediyon mota. Na uku, a wasu motoci ramin kunna taba ba ya mutuwa ko an zare makulli, abin da ka bari a soke zai yi ta shan batir, in mota ta kwana biyu a ajiye sai turi. Na huɗu, tsofaffin rediyoyi masu USB sukan ƙi karanta filashi in ba a tsara shi da tsarin FAT32 ba, kuma ba sa gane saƙon murya na WhatsApp sai an juya shi zuwa MP3. Duk yaron da ke zuba waƙoƙi a waya a bakin kasuwa ya san wannan aiki. Don a san yawan abin da ake magana, minti ɗaya na MP3 mai matsakaicin kyau yana cin kamar megabait ɗaya, kaset mai minti 90 ke nan bai kai megabait 100 ba, kati mai gigabait 8 zai ɗauki kaset wajen 90. Kwalin mahaifina gaba ɗaya ya shige cikin abin da bai kai farcen ɗan yatsa ba.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. Dokar hanya ta ƙasar nan ta shekarar 2012 ta hana direba amfani da waya a hannu yana tuƙi, kuma neman waƙa a waya bai fi amsa kira sauƙin haɗari ba, domin ido yake ɗaukewa. Bari mu yi lissafi irin na aji. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. In ka sunkuya daƙiƙa uku kana neman waƙa, ka yi tafiyar mita 66 ido rufe, fiye da rabin filin ƙwallo. Ko a cikin gari da gudun 50, daƙiƙa uku ta haura mita 40, kuma mun san yadda yara ke ɓullowa daga lungunan Zango ba sallama. Taura biyu ba ta taunuwa. A jera abin da za a ji tun mota tana tsaye, in kuwa sai an sauya, a ba wanda ke kujerar gefe.

A motarmu wannan aiki na babbar 'yata ne, kuma ba da shi gare ta ya yi mini amfanin da ban zata ba. Wanda aka ba riƙon na'ura yakan ji shi ma yana da hannu a cikin abin. Mun yi yarjejeniya, tafiya tawa dawowa tasu. Da safe mu ji kaset ɗin kakansu ko Ɗan Maraya Jos ko Barmani Choge, da yamma su sa nasu, na finafinan Kano ko na mawaƙan Gana na zamani, ni ma in saurara, in na ji abin da bai dace ba in faɗi dalilina a wuce shi. Da na ce nawa kaɗai za a ji, da iyafis ya koma kunne.

Watan farko shiru suke yi, kamar masu shan magani. Ran nan muna kan hanya, muryar mahaifina tana bayanin yadda ayari ke tasowa daga ƙasar Hausa da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi, madugu yana gaba, a yi watanni kafin a iso Salaga a sayi goron Gwanja, sai ƙaramin ya ce, "Baba, mene ne madugu?" Na ce a tsayar da na'ura, na yi masa bayani. Aka ci gaba, sai tsohon ya ce in rana ta yi sanyi ayari yakan yada zango a bayan gari. Sai babbar ta juyo ta ce, "Baba, zango kuma? Irin namu?" Na ce shi ne. Yarinyar da aka haifa a Zango, ta yi shekara goma sha huɗu tana rubuta sunan a takardun makaranta, sai ran nan ta san cewa masaukin fatake ake nufi, kuma unguwarsu daga nan ta samo suna. Wani lokaci kuma ita ce ta lura cewa kakanta in yana maganar mace "ta zo" yake cewa, alhali su a unguwa "ya zo" suke ce wa kowa. Ban taɓa koya mata wannan a allo ba, kunnenta ne ya kamo. Yanzu in mun sauka wurin mahaifiyata, sai ka ji suna ce mata, "Kaka, wai da gaske ne da ƙafa aka zo?" ita kuma ta gyara zama ta ɗora daga inda kaset ya tsaya.

Ga 'yan'uwa direbobin haya, waɗanda suke da yawa a cikinmu, ina da 'yar shawara. Motar gida daban, motar haya daban. Fasinjanka yana iya zama Kirista, yana iya zama wanda ba ya jin Hausa, yana iya zama marar lafiya da za shi asibiti. Ka sa abinka a hankali yadda ba zai dami kowa ba, in an nemi ka rage ka rage da fara'a. Sau da yawa wanda ya ji kukuma ko kalangu a tausashe shi da kansa zai tambaye ka wane ne wannan, daga nan hira ta ƙullu. Mu baƙi ne da muka zama 'yan gida, kuma kyakkyawan zama da maƙwabta shi ne jarin da iyayenmu suka bar mana.

A ƙarshe ina kira ga duk wanda ke da irin wannan kwali a ƙarƙashin gado ko a saman kabad, ya fito da shi tun zaren bai manne ba. Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015, amma su ana samun waƙoƙinsu a intanet da kasuwa. Muryar mahaifinka ko ta gwaggonka da ta yi sallama daga Makka a kaset, in ta goge babu inda za ka same ta. A kwafe, a ajiye a wuri biyu, a ba 'yan'uwa su ma su riƙe. Wanda kuma har yanzu tsofaffinsa suna raye, wayar da ke hannunsa rikoda ce, ya zauna da su ya tambaye su garinsu na asali da sunayen kakanni ya ɗauka. Sannan a nemi kebur ko kaset ɗin ƙarya, wanda kuɗinsa bai kai na man da ake sha a kwana biyu ba, a sa wa yara su ji a hanyar makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuriya, ya kuma kiyaye mu a kan hanyoyinmu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.